Kaya uku na ɗauko da wannan kamfanin fowada, ga abin da na gani

Shekara ɗaya da 'yan watanni kenan ina aiki da wani kamfanin fowada, irin masu tsayawa tsakaninka da kamfanin jirgin ruwa ɗin nan, su nema maka gurbi a jirgi su haɗa takardu su bi maka kaya har su sauka. Sau uku suka ɗauko mini kaya daga Chana, na farko kayan haɗaka ne, na biyu kwantena mai ƙafa 20 cike da tayil, na uku kuma mai ƙafa 40 doguwa ta kujerun ofis. Ba zan kama sunansu ba saboda akwai inda zan yi ƙorafi kuma ba na son ya zama kamar tonon silili, amma duk mai shirin shiga wannan harka ina ganin zai amfana da abin da zan faɗa, don ni abin da ya sa na tsaya da su ba araha ba ne, akwai waɗanda suka fi su araha a takarda, abin da ya riƙe ni shi ne ba sa barin ka sa hannu a kan kalmar da ba ka gane ba.

Kafin su na yi aiki da wani, shi kuwa in ya turo maka lissafi sai ka ga haruffa kawai sun jeru, THC, BAF, DO, CFS, kowanne da kuɗi a gabansa, in ka tambaya ya ce maka ai haka ake yi kowa ma biya yake. Kuma gaskiya ne kowa biya yake, matsalar ita ce ba ka san wanne ne dole ba wanne ne aka ƙara maka, ba ka san wanne ya kamata mai sayar maka da kaya ya biya tun can ba. A harkar jirgin ruwa kusan kowace kalma iyaka ce, tana nuna inda nauyin wani ya ƙare naka ya fara, in ba ka san inda iyakar take ba to kai za a ɗora wa.

Ranar farko da na yi magana da matar da aka haɗa ni da ita a wannan kamfani, tambayar da ta fara yi mini ita ce, Malam a kan wane sharaɗi kuka yi ciniki da mai kayan? Na ce mata ya ce CIF, wai shi zai biya jirgi da inshora har kaya su iso, ni dai in jira kawai. Sai ta ce in ba ta minti goma. Ta yi mini bayani cewa waɗannan haruffa uku-uku sunansu Incoterms, ƙungiyar 'yan kasuwa ta duniya ICC da ke Faris ce ke fitar da su tun 1936, na yanzu shi ne na 2020 kuma guda 11 ne. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne da ta ce a CIF ɗin, duk da mai kaya ne ya biya kuɗin jirgi har tashar da za a sauke, hatsarin kayan ya dawo kaina tun lokacin da aka ɗora su a jirgi a can tashar lodi. Wato in wani abu ya same su a teku ba shi zan bi ba, kamfanin inshora zan bi, kuma inshorar da CIF ya wajabta masa ita ce mafi ƙanƙanta, wadda ake kira sharaɗin C, ta manyan haɗura ce kamar gobara ko nutsewa ko karon jirgi, ba ruwanta da sata ko jiƙewar kaya ta yau da kullum. Wallahi na daɗe ina jin kalmar CIF ina ɗauka tana nufin kwanciyar hankali.

Ta ƙara da cewa ga kayan haɗaka, CIF na da wani tarko, mai kaya zai samu fowadan da zai ba shi kuɗin jirgi kusan kyauta a can, shi kuma fowadan sai ya fanshe a kanka a wajen sauka ta hanyar cajin da ba ka da ta cewa a kai, don kayanka na hannunsu. Shawararta ita ce mu koma FOB, mai kaya ya kai kaya tasha ya yi takardun fita ya ga an ɗora a jirgi, daga nan ni da fowadana mu karɓa, ni na zaɓi jirgi ni na san me zan biya a ƙarshe. Ta ma faɗa mini cewa su ICC ɗin sun fi son a yi amfani da FCA ga kayan kwantena, saboda kwantena ana miƙa ta ne a tasha kwanaki kafin ta hau jirgi, amma a kasuwa kowa FOB ya saba da shi. EXW kuwa ta ce in guje shi tukuna, don a nan daga ƙofar masana'anta komai naka ne har takardun fitar da kaya daga ƙasar da ba taka ba. DDP shi ne kishiyarsa, mai kaya ya kawo maka har ƙofa ya biya har kuɗin kwastam, yana da daɗin ji amma ba ka ganin abin da aka rubuta wa kwastam da sunanka. Na san kamfanin ma yana da riba in na koma FOB tunda su za su samu aikin jirgin, ban ɗauka sadaka suka yi mini ba, amma bayanin gaskiya ne, na bincika daga baya na tarar haka yake.

Kayan farko LCL ne, wato kayanka bai cika kwantena ba sai a haɗa da na wasu, FCL kuma kwantenar taka ce kai kaɗai ko da ba ka cika ta ba. A LCL ana caji da CBM, kubik mita kenan, tsawo sau faɗi sau tsayi na katan ɗinka. Amma akwai wata alama da na gani a lissafin, W/M, na tambaya ta ce ma'anarta nauyi ko girma duk wanda ya fi yawa, ana ɗaukar kubik mita 1 daidai da kilo 1,000, in kayanka kubik 2 ne amma nauyinsa tan 3 to na 3 za ka biya. Da kanta ta ce in turo mata awon katan-katan ta lissafa, ta gano cewa mai kaya ya rubuta awon kayan ne ba tare da falet ɗin katako da za a ɗora su a kai ba, ta gargaɗe ni tun da wuri cewa a sito za a sake awo kuma zai ƙaru. Haka kuwa aka yi, ya ƙaru, amma ban ji zafi ba tunda na sani. Shi LCL fa yana da jinkiri na kansa, dole a jira a haɗa kaya a sitonsu da ake kira CFS, in an sauka ma sai an kai kwantenar sito an buɗe an ware na kowa, wannan kaɗai kan ci kwanaki, kuma in takardun mutum ɗaya a cikin kwantenar suka samu matsala kowa na iya jira.

A na biyu ne na fara fahimtar kwantena ita kanta. Ni da na ɗauka tunda mai ƙafa 40 ta ninka mai 20 a girma to ta ninka ta a ɗaukar kaya, sai na ce a nemo mini 40 in zuba tayil da yawa. Ta ce a'a Malam, tayil nauyi ne ba girma ba. Mai ƙafa 20 cikinta kusan kubik 33 ne, mai 40 kusan 67, doguwar nan da ake kira HC wadda tsayinta ƙafa 9 da inci 6 maimakon 8 da inci 6 tana kai 76, amma iyakar nauyin da aka yarda kusan ɗaya ne, galibi kilo 30,480 har da nauyin kwantenar kanta, kuma mai 40 ta fi nauyi ita kaɗai don haka kayan da za ta ɗauka ma sun ɗan gaza na mai 20. To kaya mai nauyi mai 20 ake nema masa, kaya mai cin wuri marar nauyi irin kujeru shi ke son HC. Kuma ba a taɓa cika kubik ɗin da aka rubuta, tsakanin katan da katan akwai iska, a mai 20 in ka samu 27 ko 28 ka yi ƙoƙari. Ta kuma tuna mini cewa ko jirgi ya yarda da nauyin, titi na da nasa dokar nauyi, motar da za ta ja ta ma sai an duba. A nan na ji kalmar TEU, ma'aunin da ake ƙirga girman jirgi da shi, mai ƙafa 20 ɗaya TEU 1 ce, mai 40 TEU 2, manyan jiragen yanzu suna ɗaukar sama da 24,000. In ka tuna cewa jirgin Malcom McLean mai suna Ideal X da ya fara wannan harka a 1956 kwantena 58 kacal ya ɗauka daga Newark zuwa Houston a Amurka, sai ka ga inda abin ya kai.

Wani abu ƙarami da ya burge ni, ranar lodi sun sa wakilinsu ya turo hotuna, kwantena babu komai a ciki an rufe ƙofa daga ciki don a ga ko haske na shigowa ta wata huda, sannan rabin lodi, sannan cikakke, sannan ƙofar dama a rufe lambar kwantena na fitowa sarai, haruffa 4 da lambobi 7, na ƙarshen a cikin ɗan akwati shi kaɗai, sai hoton sil, wato hatimin ƙarfen da ake kulle ƙofar da shi, da lambarsa. Ta ce in ajiye hoton sil ɗin nan in gwada shi da abin da ke cikin BL, takardar ɗaukar kaya ta jirgi, ranar da kwantena ta iso kafin a yanke in sake dubawa, in lamba ta bambanta kar in bari a buɗe sai an rubuta. Shi kuma VGM, tabbataccen nauyin kwantena bayan lodi, doka ce ta SOLAS, yarjejeniyar duniya ta kare rayuka a teku, tun 1 ga Yuli 2016, in ba a miƙa shi kafin lokacin rufewa ba kwantena ba ta hawa jirgi, su suka bi mai kaya har ya miƙa.

BL ɗin da nake ta ambata, bil of ladin kenan, ita ce uwar takardu. Rasit ce cewa jirgi ya karɓi kaya, shaida ce ta yarjejeniyar ɗaukar kaya, kuma takardar mallaka ce, wanda ke riƙe da orijinal shi ke da kaya. Yawanci orijinal 3 ake bugawa, ɗaya ta isa a karɓi kaya sauran su mutu. Kafin a buga sun turo mini daraf suka ce in karanta harafi-harafi, sunan mai turowa, sunan mai karɓa, wanda za a sanar in jirgi ya iso, bayanin kaya, yawan katan, nauyi, sai na ga an rubuta sunan kamfanina da kuskuren harafi ɗaya, harafi ɗaya tak, ta ce da an buga a haka gyaransa kuɗi ne da kwanaki, in ma jirgi ya riga ya miƙa manifes, wato jerin kayan da ya ɗauko, wa kwastam abin ya fi haka wuya. Ta bambance mini BL ta kamfanin jirgi da ake kira masta da ta fowada da ake kira haus, ta ce tawa haus ce kuma in sani cewa sai wakilinsu ya warware tasa da kamfanin jirgi kafin tawa ta yi aiki. A na uku mun yi teleks rilis, mai kaya ya mayar da orijinal a can bayan na cika masa kuɗinsa, aka aiko saƙo a saki kaya ba tare da takarda ta yi tafiya ba, wannan ya fi mini sauƙi nesa ba kusa ba. Akwai kuma wata jimla a jikin BL da ke cewa mai kaya ne ya loda ya ƙirga, jirgi bai ga abin da ke ciki ba, ma'ana in aka buɗe aka ga katan bai cika ba alhali sil lafiya lau, ba jirgi za ka kama ba.

Inshora sun matsa mini sosai, har na ɗan ji haushi a lokacin ina ganin kamar kamasho suke nema. Sai ta yi mini bayanin janaral abarej, tsohuwar ƙa'ida ce ta teku, in jirgi ya shiga hatsari aka yi asara ko aka kashe kuɗi don a ceci jirgin da kayan gaba ɗaya, duk mai kaya a jirgin sai ya ba da kasonsa gwargwadon darajar kayansa ko da nasa ko ƙwarzane bai yi ba, kuma ba a sakar maka kaya sai ka ajiye jingina. Ta kawo misalin Ever Given da ya toshe mashigin Suwez na kwana 6 a Maris 2021, masu jirgin sun ayyana janaral abarej, wanda ke da inshora kamfaninsa ya tsaya masa, wanda ba shi da ita daga aljihunsa. Kuma ko laifin jirgi ne, a ƙa'idar ɗaukar kaya a teku da ake kira Hague-Visby abin da za su biya na da iyaka, ana lissafa shi ne da kilo ko da ƙunshi ba da ainihin darajar kayanka ba. Na yi sharaɗin A mai faɗi, a kan kashi 110 cikin 100 na darajar kaya kamar yadda aka saba. Ban taɓa buƙatarta ba Alhamdulillahi, amma ban yi nadama ba.

To yanzu inda suka ɓata mini rai, kuma ba ƙaramin ɓaci ba ne. A kwantena ta uku aka yi mana rol oba, wato jirgin da aka yi bukin ya tafi ya bar kwantenata a tasha aka tura ta na mako mai zuwa. Wannan yana faruwa, jirage kan karɓi bukin fiye da gurbinsu, wani lokacin ma su soke tafiyar mako guda gaba ɗaya, ba laifin fowada ba ne. Laifinsu shi ne sun sani kuma ba su faɗa mini ba sai da na shiga shafin kamfanin jirgi na sa lambar kwantena na ga sunan jirgi ya canza, kwana 4 bayan ranar da aka ce za a tashi. Ni kuma na riga na ba wa masu jiran kujeru rana. Sannan tafiyar ba kai tsaye ba ce, akwai sauyin jirgi a Singafo, an rubuta a bukin da haruffa T/S amma wannan karon ba wanda ya ja hankalina a kai, a can ma ta kwana fiye da mako tana jiran jirgi na biyu. Na san ETD da ETA, wato ranar tashi da ranar isowa, duka kintace ne ba alkawari ba, harafin farko ma abin da yake nufi kenan, kuma tun ƙarshen 2023 da jirage da yawa suka bar Bahar Maliya suna zagayawa ta ƙasan Afirka jadawali ya rikice ko'ina. Amma kamfanin da ya iya zama ya koya mini Incoterms na minti goma ya kamata ya iya turo layi ɗaya ya ce Malam an bar kwantenarka. Da na yi magana ta ba da haƙuri ba tare da kame-kame ba, ta ce a lokacin abokin aikinta ke riƙe da fayil ɗin, na karɓa, amma hakan na nuna ingancin yana jikin mutum ɗaya ne ba jikin kamfanin ba, kuma wannan abin dubawa ne.

Na biyu shi ne maganar dimarej da ditenshin, nan ne kuɗi ya fita. Dimarej cajin kamfanin jirgi ne in kwantena ta zauna cikin tasha da kaya bayan kwanakin kyauta sun ƙare, ditenshin kuma in ka fitar da ita ba ka dawo da emti, wato kwantenar da aka sauke kayanta, a kan lokaci ba, sai kuma kuɗin ajiya na tashar kanta wanda shi daban ne, mutane da yawa na haɗa su wuri guda. An ce mini ina da kwana 14 kyauta, na ɗauka 14 a ciki ne sannan wasu a waje, ashe a haɗe suke, agogo ɗaya ne ya fara tun ranar da aka sauke ta daga jirgi har ranar da emti ta koma, kuma ana ƙirga Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Kwastam suka tsayar da mu a kan lambar HS, lambar nan ta rarraba kaya wadda lambobi 6 na farko iri ɗaya ne a duk duniya, kujera mai juyawa lambarta daban da wadda ba ta juyawa kuma mai kaya ya zuba su duka a lamba ɗaya, kafin a gyara kwana 11 sun tafi, aka fitar aka sauke aka mayar da emti a rana ta 18. Kwana 4 na biya, kuma cajin hawa yake yi mataki-mataki in ka daɗe. Da ta faɗa mini kalmar a haɗe tun farko da na tanadi mota da masu sauke kaya a ranar. Kuma da sun duba lambar HS a daraf kamar yadda suka duba sunana, da ba a kai nan ba, duk da dai sun ce kiliyarin ba ya cikin aikin da na ba su, kuma hakan ne.

Lissafinsu dai a bayyane yake, wannan ba zan hana su ba. Kuɗin teku daban, BAF na man jirgi daban, THC na ɗagawa da saukewa a tasha an nuna na can da na nan, kuɗin DO wato takardar izinin sakin kaya, kowanne da layinsa, kuma an rubuta ranar da farashin zai daina aiki. Sau ɗaya GRI ya same ni, ƙarin da kamfanonin jirgi ke yi gaba ɗaya galibi a farkon wata ko tsakiyarsa, sun gaya mini mako guda kafin nan cewa in kaya bai shiga tasha kafin ranar ba sabon farashi zai hau, mai kaya ne ya yi jinkiri ba su ba. Abin da na biya a ƙarshe a kaya na farko da na biyu bai wuce abin da aka rubuta mini ba sai ƙarin awon nan da aka riga aka faɗa. Amsa saƙo kuwa da rana cikin awa ɗaya ko biyu, ƙarshen mako sai a hankali.

In maki zan ba su, 4 cikin 5, ɗayan na cire shi saboda shirun rol oba da maganar kwanakin kyauta. Ga wanda bai taɓa ɗauko kaya ta ruwa ba ina ganin sun dace da shi sosai, wanda ya riga ya goge yana neman mafi araha kawai wataƙila zai samu a wani wuri. Kwantena ta huɗu na nan tafe wata mai zuwa kuma su na ba, amma wannan karon na sa an rubuta mini a imel cewa kwana 21 ne kyauta, an fayyace a haɗe ne ko a rabe da ranar da ƙirga zai fara, tafiyar kai tsaye ce ko da sauyin jirgi, kuma na roƙi a bar fayil ɗina a hannun ita Malamar, na tura mata lambobin HS tun jiya ta ce za ta sa mai kiliyarin ya duba kafin a buga daraf.